Mai Son Aikin Jinya, Tun Daga Lise Ake Shiri

 Mu ɗaliban babban aji ne muka ɗauki wannan darasi a bana, domin kowace shekara sai mun ji wani ko wata na cewa: "In na ci bak, aikin jinya zan karanta." Buri ne mai kyau, kuma muna da abin koyi tun zamanin Annabi (SAW), lokacin da Rufaida al-Aslamiyya take jinyar masu rauni a tantinta a Madina. Sai dai da yawa ba sa fara tambayar hanya sai sakamako ya fito, alhali an riga an makara.

Shirin yana farawa ne bayan BEPC, ranar da za ka zaɓi sashen da za ka bi a lise. Mai son jinya ya nufi sashen kimiyya, musamman seri D, inda ake karanta ilimin halittu da sinadarai da lissafi. Kada ka bi seri A4 don kawai abokinka can ya tafi, ko don tsoron lissafi. Ka kuma riƙe Faransanci da kyau, don da shi ake jarrabawa, da shi ake karatun, da shi za ka rubuta bayanin marar lafiya.

A nan Togo, makarantar gwamnati da aka fi sani ita ce ENAM, akwai ta a Lome, akwai a Kara. Karatun jinya shekara 3 ne bayan bak na biyu. Ba ma'aikatan jinya kaɗai take horarwa ba, har da masu gwajin jini da masu kula da tsabtar muhalli. Mai son aikin ungozoma kuwa, makarantarsu daban ce, ENSF. A Sokode kuma akwai ta mataimakan ma'aikatan lafiya. Duk ba a shiga sai da kwankur, wato jarrabawar gasa, kuma masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Sanarwa tana fitowa daga Ma'aikatar Lafiya. Ka karanta ta da idonka, sharuɗɗa da iyakar shekaru duk suna ciki. Kada ka dogara da "an ce".

Yanzu ga inda mu 'yan Zongo muka fi faɗuwa: takardu. Ana neman takardar haihuwa da takardar shaidar zama ɗan ƙasa, ga ta likita, ga ta kotu mai nuna ba ka da laifi. Da yawanmu kakanninmu fatauci ya kawo su daga Nijar ko Najeriya ko Benin, wasu gidajen ma tun da aka tashi tsohon Zongo daga cikin gari a 1977 aka dawo da shi nan Agoe, takardunsu suka watse. Takardar ɗan ƙasa ba a samun ta rana ɗaya; sai an kawo hujja ta wajen mahaifi ko mahaifiya. Wanda ba a yi masa takardar haihuwa ba tun yana jariri, sai an je kotu an yi masa madadinta.

Wata yayarmu ta ci bak da maki mai kyau, amma sunan mahaifinta a takardar haihuwa Abdoulaye ne, a takardar makaranta kuma Aboudoulaye. Harafi biyu kacal! Kafin a gyara, an rufe karɓar takardu, ta zauna shekara guda a gida tana taya mahaifiyarta sayar da koko. Don haka yau ɗin nan, in ka koma gida, ka ce: "Baba, don Allah a ciro mini takarduna in duba." Ka jera su, ka gwada suna da ranar haihuwa harafi bayan harafi.

Sai maganar gida. A zauna da iyaye tun da wuri a yi lissafin kuɗin rajista da kayan aiki da kuɗin zemijan daga Agoe zuwa cikin gari kullum. 'Yan mata kuma, a faɗa wa Baba da Inna gaskiya: akwai koyon aiki a asibiti irin su CHU Sylvanus Olympio da ke Tokoin, akwai kwanan aiki, akwai jini da wanke gyambo. Gara a yarda da wannan tun farko da a ce ki bari a shekara ta biyu.

In kwankur bai yi ba, ana sake gwadawa muddin shekaru ba su wuce ba. Mai son makarantar kuɗi ya tabbatar gwamnati ta amince da takardarta kafin ya biya ko dala. Kuma gama karatu ba shi ne samun aikin gwamnati ba, nan ma akwai wata gasar.

Abu ɗaya da muke da shi wanda ba kowa ke da shi ba: harshe. Yaron Zongo yana jin Hausa da Mina, wani har da Kotokoli ko Zabarmanci. Tsohuwar da ba ta jin Faransanci, in ta sami mai tambayarta "Inna, ina ke miki ciwo?", nan take za ta faɗi abin da ta kasa faɗa wa likita.