Laba Nawa Ce Atmosfiya Ɗaya? Darasi Ga Manoman Rani Na Watari

Kaka ta wuce, amfanin damina ya shiga rumbu, manoman rani kuma sun koma bakin madatsar ruwa ta Watari a ƙasar Bagwai. Wannan madatsa an gina ta ne tsakanin 1977 da 1980 a kan kogin Watari, arewa maso yamma da birnin Kano. Daga cikinta ruwa ya ke bin magudanai zuwa fangulan shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasa. Ƙasa ce mai yawan jama'a, gona manne da gona, har wani wurin kunya ɗaya tak ce tsakanin shinkafar wannan da tumatirin wancan. Saboda wannan kusanci ne darasin wannan mako ya ke da muhimmanci, ko da ya ke a ido ya yi kama da lissafin 'yan makaranta.

Akwai kayan aiki uku da manomin rani ba ya rabuwa da su: famfon feshi na goyo, da injin ban ruwa, da taya, ta babur ce ko ta tarakta. Duk ukun da matsi su ke aiki, matsin iska ko na ruwa. To, kayan nan daga ƙasashe dabam-dabam su ke zuwa kasuwa, kowace ƙasa da irin awonta. Na Amurka da tsofaffin na Ingila, a jikin agogonsu, watau abin da masu faci ke kira geji, a kan ga an rubuta psi. Waɗansu kuwa sai a ga atm, ko bar, ko kg/cm². Takardar magani ta ce a yi feshi a kan 3, agogo kuma ga shi ya jera 10, 20, 30, 40. Nan ne manomi ya kan tsaya, ko kuma ya yi ta buga famfo da ka, abin da ya fito shi ke nan.

Haruffan nan uku, psi, taƙaitawa ce ta Turanci, ma'anarta laba a kan kowane inci murabba'i. Laba dai dattawa sun san ta a kasuwar auduga tun kafin Nijeriya ta koma awon kilo a shekarun 1970. Nauyinta giram 454, watau kaɗan ya rage ta kai rabin kilo. Inci murabba'i kuwa ɗan fili ne mai tsawon inci ɗaya da faɗin inci ɗaya, kamar girman kan sarkin da a ke manna wa wasiƙa. Idan mai faci ya ce ya sa wa taya 30, nufinsa iskar da ke ciki tana tura kowane ɗan filin nan na jikin taya da ƙarfin laba 30.

Atmosfiya ita ce ta fi ban sha'awa, gama ba mutum ne ya ƙago ta ba. Iskar da ta lulluɓe duniya tana da nauyi, kuma a gaɓar teku tana danna kowane inci murabba'i da nauyin laba 14.7. Wannan shi ne atmosfiya ɗaya. Mai karatu zai ce ai laba 14.7 ba wani abu ba ne. To, ya duba fili mai ƙafa ɗaya tsawo, ƙafa ɗaya faɗi: inci murabba'i 144 ne a ciki, nauyin iskar da ke kansa ya haura laba 2,100, kusan buhu goma ke nan na masara mai kilo 100. Abin da ya sa mutum ba ya jin wannan kaya shi ne iskar ta kowane gefe ta ke matsawa, jikinsa kuma daga ciki yana turawa daidai da ita.

Matsalar rijiya ce ta kai mutane ga wannan sani. A ƙasar Italiya an lura famfon zuƙa ba ya iya ɗaga ruwa fiye da wajen ƙafa 34, kome kyaunsa. Shahararren masanin nan Galiliyo ya san da maganar, amma bai gano ainihin dalili ba har ya rasu a 1642. Almajirinsa Toricelli shi ya warware ta a 1643. Ya cika dogon bututun gilashi da zaiba, ya toshe bakin, ya kife shi cikin kwanon zaiba, sa'an nan ya buɗe. Zaiba ta sauko kaɗan ta tsaya cak a tsawon wajen inci 30, watau santimita 76. Ba abin da ya riƙe ta sai nauyin iskar da ke danna ta cikin kwano. Zaiba ta fi ruwa nauyi sau 13.6, idan kuwa aka ninka inci 30 sau 13.6 za a sami ƙafa 34 ɗin nan ta masu rijiya. A 1648 wani Bafaranshe, Faskal, ya sa aka hau wani dutse da irin wannan bututu, zaiba ta sauka da wajen inci 3, aka tabbata iska ta kan rage nauyi in an yi sama. Daga baya, a 1954, babban taron awo na ƙasashen duniya da aka yi a Faransa ya tsai da girman atmosfiya ɗaya, ba ƙari ba ragi, don kowa ya yi lissafi da abu guda.

Ga lissafin. In a na so a mai da laba zuwa atmosfiya, sai a raba da 14.7. In kuwa daga atmosfiya za a koma laba, sai a ninka da 14.7. Misali, agogo ya nuna 45. Don a huta da ɗigo, sai a ninka duka biyun da goma, a raba 450 da 147. Zai shiga sau 3, domin 147 sau 3 shi ne 441, saura 9. Amsa atmosfiya 3.06, watau uku da ɗan abin da ba ya hana barci. Haka nan laba 30 atmosfiya 2.04 ce, laba 60 kuma 4.08. In takarda ta ce atmosfiya 2.5, an ninka da 14.7 an sami laba 36.75, sai a nemi 37 a agogo.

A gona ba kowa ke yawo da fensir ba, saboda haka raba da 15 ya isa: 15 ɗaya, 30 biyu, 45 uku. Kuskuren da ke ciki kashi 2 ne cikin 100, agogon mai faci ma ya kan yi ƙaryar da ta fi haka. Amma akawu mai rubuta odar kaya, da ɗan kasuwa mai fassara wa mai saye takardar inji, su kam su tsaya a kan 14.7. A laba 100, misali, rabawa da 15 ta ba da 6.67, amsar gaskiya kuwa 6.80.

Sauran sunayen kada su ba kowa tsoro, 'yan ɗaki ɗaya ne da atmosfiya. Bar ɗaya laba 14.5 ne, kg/cm² ɗaya kuma laba 14.2. A aikin gona duk a na iya ɗaukarsu abu guda. Wanda ya ga kPa, ya sani 100 ɗinsa ne bar ɗaya. Wani abin lura kuma: agogo ba ya ƙidaya iskar waje, shi ya sa ya ke nuna sifiri in an cire shi daga taya. Abin da ya ke nunawa shi ne ƙarin da ke bisa nauyin iskar duniya. Agogon da aka cire allurarsa ba ta koma sifiri ba, ya lalace, a jefar.

Yanzu a zo ga feshi, inda asara ta ke. Maganin ciyawa da ƙaramin matsi a ke fesa shi, wajen atmosfiya 1, watau laba 15, da bakin famfo mai baza ruwa a shimfiɗe. A haka ɗigon ya kan fito manya-manya, ya faɗi inda aka nufa. Maganin ƙwari da na cutar ganye kuwa wajen atmosfiya 3 su ke so, laba 40 zuwa 45, da baki mai feso ruwa kamar hazo, don ya shiga ƙarƙashin ganye inda ƙwari ke ɓuya. Famfunan Cooper Pegler irin su CP3 da CP15, waɗanda malaman gona suka daɗe da sani, suna da wurin saiti mai haruffa biyu, L na ƙaramin matsi da H na babba. Da yawan masu su ba su taɓa juya shi ba tun ran da suka saya.

Me zai faru in an fesa maganin ciyawa a laba 45? Abu biyu, kowane da ciwonsa. Na fari, ruwan da ke fita ya ƙaru. Ba ya ninka sau uku don an ninka matsi sau uku, a'a, sai an ninka matsi sau huɗu ruwa ke ninkawa biyu. Daga laba 15 zuwa 45, bakin da ke ba da lita 1 a minti zai ba da wajen lita 1.7. Watau gonar da ta saba cin goyo 10 za ta ci 17, in tafiyar mai feshi ba ta sake ba. Kuɗin goyo bakwai ya tafi a banza, shuka kuma ta sha abin da ya fi ƙarfinta.

Na biyu ya fi muni, gama ba mai gona kaɗai ya shafa ba. Babban matsi ya kan farfasa ruwa ya zama hazo, hazo kuwa ba shi da nauyin faɗuwa. Iskar hunturu ta kwashe shi ta haye kunya da shi. Maganin 2,4-D da a ke kashe ciyawa mai faɗin ganye da shi a cikin shinkafa, shinkafar ba ta damu da shi ba in an sa shi a kan ƙa'ida, amma tumatir ko ƙanshinsa ba ya so. Bayan 'yan kwanaki sai a ga sabon ganye ya nannaɗe ya ƙanƙance, reshe ya murɗe, fure ya zube. Mai tumatir ya ce cuta ce ya sayo wani magani, ko ya gane ya kai ƙara wurin mai unguwa. Mutanen da ke shan ruwan magudana ɗaya, yau wannan ya buɗe gobe wancan, ba su da halin gaba da juna, ga shi kuwa juya ɗan saiti ɗaya da yin feshi da sassafe kafin iska ta tashi sun isa su hana wannan.

Famfon da ba shi da agogo ba shi da saiti, kamar yawancin masu arha, a na iya auna shi da kwalba. A zuba ruwa zalla, a fesa cikin kwalba mai awon lita har minti ɗaya da bugu a hankali, a ƙidaya bugun. A gwada abin da aka samu da abin da takardar bakin famfon ta ce ya kan bayar a bar 1. In ya yi daidai, wannan ƙidayar bugun ita za a riƙe.

Maganar taya gajera ce. Ta ƙaramar mota wajen laba 30 ce, atmosfiya 2 ke nan. Babbar tayar baya ta tarakta kuwa, duk girmanta, a gona ba ta wuce atmosfiya ɗaya da 'yan kai. In yaron mai faci ya cika ta tim kamar ta babbar mota, sai ta yi ta santsi a laka, ta sha mai, ta danƙare ƙasa. A bi abin da littafin tarakta ya ce.

Saura injin ban ruwa, ga waɗanda gonarsu ba ta kan magudana, masu jan ruwa daga kogi ko daga rijiyar bututu. Shi a jikinsa da mita a ke rubuta ƙarfinsa. Atmosfiya ɗaya daidai ta ke da ruwa mai tsawon mita 10.3. Injin da aka ce yana tura ruwa sama mita 30, matsinsa ya kusa atmosfiya 3, wajen laba 43. Mai sayen mesa ya nemi wadda ta fi wannan ƙarfi.

Amma turawa dabam, zuƙa dabam. A gaskiya inji ba ya jan ruwa. Abin da ya ke yi shi ne ya kwashe iskar da ke cikin mesa, sa'an nan nauyin iskar duniya ya danna ruwan rijiya ya hauro. Iskar kuwa atmosfiya ɗaya kaɗai gare ta. A Watari ma ba ta cika ɗaya ba, domin ƙasar Kano ta fi gaɓar teku tudu da kusan mita 500, nauyin iskarta wajen laba 13.9 ne, wanda ba zai ɗaga ruwa fiye da ƙafa 32 ba ko da inji ba shi da aibi ko ɗaya. Wannan bai taɓa lissafin baya ba, a na nan a kan 14.7, tun da awon an riga an tsai da shi. In aka cire abin da gogar mesa da 'yar yoyon iska ke ci, abin da ya rage shi ne mita 7 ko 8 da a ke rubutawa a jikin ƙananan injuna, watau wajen ƙafa 25.

Saboda haka idan bazara ta yi, ruwan rijiya ya ja baya, inji ya fara tari yana kawo ruwa yana yankewa, sayen babban inji ba magani ba ne. Mai inci uku da mai inci biyu iska ɗaya ke tura musu ruwa. A fara duba ɗaurin mesa ko tana shan iska. In lafiya ta ke, a zura igiya a auna daga bakin inji zuwa kan ruwa yayin da inji ke aiki. Ya kusa ƙafa 25, sai a haƙa rami gefen rijiya, mai zurfin ƙafa 5 ko 6, a saukar da inji ciki. A yi ramin da faɗi, bakinsa a buɗe, kada kowa ya zauna a ciki inji na aiki, saboda hayaƙin fetur ya kan kashe mutum a wurin da iska ba ta ratsawa.