Kaushi, Faso da Gyambo: Ƙafar Mai Ciwon Suga a Boɗinga da Shagari

Bahaushe bai ɗauki kaushi da faso cuta ba, abin hunturu ne da noma. Ga mai ciwon suga kuwa, daga nan gyambo ke farawa, domin cutar tana kashe jijiyoyin ƙafa, tana rage gudanar jini. Manomi a Boɗinga ko Shagari yakan taka ƙaya bai ji ba. Idan mikin ya ƙi warkewa, wasu sukan ce sammu ne, har a isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a makare, yanke ƙafa ya zama dole.

Lokacin alwala ya dace da binciken ƙafa: a duba tafinta, a tsane tsakanin yatsu, a shafa wa diddige mai. Kankare kaushi da reza kuwa, barinsa ya wajaba.