Wasiƙa Zuwa ga Matasan Ɗansoshiya: Ku Saurari Farkon Tarihin

'Ya'yana na Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da na gani a Jami'ar Bayero, ranar da ɗan ƙanena ya karɓi digirinsa na biyu. Kafin babban baƙo ya fara jawabi, sai da aka karanto tarihinsa. Lokacin da ake faɗin garin da aka haife shi da firamaren da ya yi, yawancin samarin da ke kusa da ni waya suke dannawa. Da aka zo kan muƙamai, sai wuri ya kaure da tafi. To, wannan farkon da aka bari ya wuce a banza, shi ne rabonku a cikin taron.

Ku dubi Dakta Akinwumi Adesina, wanda wannan jami'a ta ba digirin girmamawa a 2024. An san shi da shugabancin Bankin Raya Afirka daga 2015 zuwa 2025, amma ɗan manomi ne, kamar yawancinku. Tattalin arzikin noma ya karanta a Jami'ar Ife, ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya a 1981. Bai sami digirin digirgir ba sai 1988, a Jami'ar Purdue ta Amurka. Daga nan zuwa ranar da ya zama ministan noma a 2011, shekara 23 ce cur yana bincike da aiki a kan abinci. Ku tambayi iyayenku lokacin da ake turo wa manomi saƙon karɓar taki ta wayar salula. A zamaninsa aka yi. A 2017 aka ba shi babbar lambar yabo ta duniya kan samar da abinci.

Ga Farfesa Attahiru Jega, wanda jami'o'i kan gayyata ya yi lacca a irin wannan rana. Kafin ya shugabanci Jami'ar Bayero daga 2005 zuwa 2010, kafin ya jagoranci zaɓukan 2011 da 2015, malamin aji ne. Ya riƙe ƙungiyar malaman jami'o'i a zamanin mulkin soja, lokacin da faɗin gaskiya kan kai mutum kurkuku. Amanar da ya riƙe a ƙaramar kujera ce ta kai shi babba.

Ku kuma 'yan matana, kada wani ya ce muku mumbarin babban baƙo na maza ne. Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i daga Ringim ta fito, a Jami'ar Bayero ta yi karatu, ta koyar, ta zama ministar ilimi ta ƙasa daga 2010 zuwa 2013.

Abin da ya haɗa mutanen nan guda ne: kowannensu ya kama fanni ɗaya, ya daɗe a kansa. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya shuka masara a Doguwa ya san ba a girbi a watan shuka, kuma gonar da ba a yi wa noman farko ba, ciyawa ce ke cin takin.

Kada ku ce boko ya yi muku nisa. Makarantar horar da lauyoyi tana nan Bagauda. Kullum kuna ganin ɗalibanta cikin baƙi da fari, sun taho daga jihohi masu nisa. Me zai hana ɗan Bebeji ya zauna a wannan aji? Madatsar ruwa ta Tiga tana nan tun 1974, tana neman injiniyoyi da masana noman rani. Shinkafar Tudun Wada tana neman wanda ya san ingantaccen iri da kasuwa. Dajin Ɗansoshiya da na Falgore suna neman masana gandun daji da likitocin dabbobi. Wa ya fi ku sanin waɗannan wurare?

Saboda haka ga nasihata. Ku riƙe karatun allo da na boko tare. Ku guji satar amsa, domin takardar da ba gumi a cikinta kan tona asirin mai ita ranar aiki. Wanda ya faɗi jarrabawa ya sake zama, ba abin kunya ba ne. Wanda kuɗin makaranta ya gagara, ya yi noman rani ko sana'ar hannu ya tara, kada ya yar da littafi. Wanda kuma Allah ya ɗaukaka, ya waiwayo ya ja hannun ƙannensa.

In kun sake zuwa bikin yaye ɗalibai, ku sa waya a aljihu tun daga layin farko na tarihin baƙo. Ku ƙirga shekarun da ya yi ba wanda ya san sunansa. A cikin irin waɗannan shekaru kuke yanzu, ku yi musu aiki.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku ilimi mai amfani.

Naku,
Baffanku, tsohon malamin makaranta.