Darasi: Yadda Kansiloli a Ingila Ke Bin Diddigin Maganin Haƙori

Manufar Darasi

Mu ga yadda ƙaramar majalisa takan tsaya wa jama'arta a kan aikin da ba ita ke riƙe da kuɗinsa ba. A karanta darasin a hankali a cikin ƙungiya, sa'an nan a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

1. Alkawarin 1948

Duk wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori ya san ba ƙaramin abu ba ne. Yana hana barci da cin abinci, yana hana manomi zuwa gona, ya hana yaro zuwa makaranta. Ko a ƙasa mai arziki kamar Ingila akwai mutane da yawa da suke fama da shi, ba su da wurin zuwa.

Ran 5 ga Yuli, 1948, gwamnatin Birtaniya ta buɗe hukumar lafiya ta ƙasa, wadda ake kira NHS a taƙaice. Aka yi alkawari kowa zai sami magani kyauta daga kuɗin haraji, har da na haƙori. Mutane suka yi ca, musamman masu neman haƙoran roba, har kuɗi ya soma kasawa. A 1951 aka ce sai a riƙa biyan wani abu domin haƙoran roba da tabarau. Aneurin Bevan, wanda ya kafa hukumar sa'ad da yake ministan lafiya, ya bar gwamnati saboda wannan. Yau babba yakan biya wani kashi na kuɗin aikin. Amma yara 'yan ƙasa da shekara 18, da mata masu ciki, da waɗanda suka haihu cikin shekara guda, da waɗansu matalauta, ba sa biyan kome.

Sai mu riƙe abu guda. Yawancin likitocin haƙori a can ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Likitan da yake da ɗakin shan maganinsa yakan karɓi kwangila daga NHS, yana kuma da 'yancin duba masu biya daga aljihunsu. In kwangilar ba ta biyansa, sai ya rage ta, ko ya mayar da ita ɗungum.

2. Inda aka sami matsala

A 2006 aka kawo sabuwar kwangila a Ingila, ana biyan likita bisa ga maki. Duba baki maki 1 ne, cike haƙori ko cire shi maki 3, haƙoran roba maki 12. Amma likitan da ya cike haƙori ɗaya da wanda ya cike shida a bakin mutum guda, makinsu ɗaya ne. Kamar a ce ladan noman kunya ɗaya daidai yake da na kunya shida. Wane ɗan ƙwadago ne zai nemi babbar gona? Saboda haka mutumin da bakinsa ya fi lalacewa, shi ne likita ya fi yin hasara a kansa. A 2022 aka yi ɗan gyara, aikin da ya fi wuya ya koma maki 5 ko 7, amma tsarin makin bai tashi ba.

A watan Agusta 2022 gidan rediyon BBC ya tuntuɓi ɗakunan likitocin haƙori kusan 7,000 a Birtaniya. Tara cikin goma ba sa karɓar sabon babba a ƙarƙashin NHS, takwas cikin goma kuwa ba sa karɓar sabon yaro. A Norfolk, ƙasar manoma da ke gabashin Ingila, ba a sami ko ɗaya mai karɓar sabon babba ba. Aka riƙa jin labarin masu cire wa kansu haƙori da filaya a gida. A watan Fabrairu 2024, da aka sake buɗe wani ɗakin likitan haƙori a unguwar St Pauls a birnin Bristol, ɗaruruwan mutane suka yi layi cikin sanyi, har sai da 'yan sanda suka zo.

Yara ne suka fi shan wuya. Ruɓewar haƙori ita ce kan gaba wajen kwantar da yara 'yan shekara 5 zuwa 9 a asibiti a Ingila, gama sai an sa su barci kafin a cire musu haƙoran.

3. Kwamitin bin diddigi

Ƙaramar majalisa a Ingila ba ta ɗaukar likitan haƙori aiki, ba ta kuma ba da kwangila. Daga watan Afrilu 2023 wannan aiki ya koma hannun hukumomin lafiya na yanki, waɗanda guda 42 ne a lokacin, shugabanninsu kuwa ba zaɓaɓɓu ba ne. To, in tsohuwa ta rasa mai cire mata haƙori, wa za ta kama? Kansilanta ta sani, gama ita ta zaɓe shi.

Wata doka ta 2001, wadda ta soma aiki a watan Janairu 2003, ta ba manyan majalisun gundumomi da na birane ikon bin diddigin aikin lafiya a yankinsu. Yawanci sukan kafa kwamiti na kansilolin da ba sa cikin masu zartarwa, daga jam'iyyu dabam dabam. Bisa ga ƙa'idodin 2013, kwamitin yana da iko kamar haka:

(a) Ya nemi bayani a kan yadda ake shirya aikin lafiya da yadda ake yinsa, dole kuwa a ba shi.
(b) Ya kira jami'in hukumar lafiya ya zo ya amsa tambayoyi.
(c) Ya rubuta rahoto da shawarwari. In ya nemi amsa, dole a ba shi a rubuce cikin kwana 28.
(d) A nemi ra'ayinsa kafin a yi wani babban canji a aikin lafiya na yankin.

Yawancin tarurrukansa a fili ake yi. Kowa yana iya zuwa ya zauna ya ji, ana kuma ajiye rubutaccen bayanin abin da aka faɗa.

4. Yadda ake aikin

Da farko, ƙidaya. Faɗin cewa jama'a suna shan wuya ba ya isa, gama jami'i zai ce ya ji, ya yi juyayi, ya tafi. Kwamiti mai sanin aikinsa yakan tambaya: manya nawa ne suka ga likita cikin wata 24 da suka wuce? Yara nawa cikin wata 12? Likitoci nawa suka mayar da kwangila bana, a waɗanne garuruwa? Yakan kuma nemi a rarraba lissafin unguwa unguwa, domin jimillar gunduma takan ɓoye ƙauyukan da ba su da kome. Ga misali. Binciken 2022 ya nuna kusan yaro ɗaya cikin huɗu 'yan shekara 5 a Ingila yana da ruɓaɓɓen haƙori. Amma da aka rarraba, sai aka ga a unguwannin da suka fi talauci yara 35 ne cikin 100, a na masu hali kuwa ba su kai 14 ba.

Na biyu, jin ta bakin masu abin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akan saurari iyaye, da malaman makaranta, da masu lura da tsofaffi, har da likitocin kansu. Daga bakin likita ne kansila zai gane cewa ba ƙeta ce ta hana shi karɓar mutane ba, lissafin maki ne, da kuma rashin ma'aikata masu yarda su zauna a karkara.

Na uku, bin sawun kuɗi. In likita bai cika makin kwangilarsa ba, akan karɓe sauran kuɗin. A shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024, kusan fam miliyan 400 na kuɗin da aka keɓe domin haƙori a Ingila ba a kashe su a kan haƙori ba, alhali kuwa mutane suna layi. Tambayar kansila a nan gajeruwa ce: nawa ya rage a yankinmu, ina ya tafi, me ya hana a sayi lokacin duba masu ciwon gaggawa da shi?

Na huɗu, komawa. Kwamitin Norfolk ya sa maganar haƙori a gabansa sau da yawa cikin shekaru, yana kiran jami'ai su sake zuwa. A can ɗaya daga cikin tushen wahalar shi ne, har zuwa 2024 duk gabashin Ingila ba shi da makarantar horar da likitocin haƙori, likita kuwa yakan so zama kusa da inda ya yi karatu. Shi ya sa shugabannin yankin suka goyi bayan a buɗe irin wannan makaranta a jami'ar da ke Norwich. Jami'in da ya san za a sake kiransa bayan wata shida, a karanta masa abin da ya faɗa da bakinsa, ba zai yi alkawari da wasa ba.

5. Iyakar ikonsa

Kada mu ɗauka kwamitin yana iya kome. Ba ya iya ba hukumar lafiya umarni, ba ya iya canza kwangila, gama wannan na gwamnatin ƙasa ne a Landan. A dā yana da ikon miƙa babban canji gaban ministan lafiya kai tsaye, amma an karɓe wannan iko a ƙarshen Janairu 2024. Roƙo kaɗai ya rage masa a nan.

Ko alkawarin gwamnati ma sai an bi shi. A watan Fabrairu 2024 aka yi shelar shirin farfaɗo da aikin haƙori: fam 20,000 ga likitoci har 240 da za su zauna shekara uku a inda ake ƙarancinsu, da motocin duba haƙori domin karkara. A watan Nuwamba na shekarar, ofishin binciken kuɗin gwamnati ya ce shirin bai kama hanyar cika burinsa ba, motocin kuwa ko ɗaya ba a samo ba.

Har wa yau, majalisa tana da nata nauyin. Tun 2013 ita ke da aikin koyar da tsabtar baki da ƙidayar yara masu ruɓaɓɓen haƙori. A watan Maris 2025 gwamnati ta ba majalisu fam miliyan 11 domin yara 'yan shekara 3 zuwa 5 a unguwannin matalauta su riƙa goge baki kullum a makaranta, malami yana lura. Kwamiti mai gaskiya zai tambayi majalisarsa a kan wannan kuɗi kamar yadda yake tambayar hukumar lafiya. Rigakafi ya fi magani, ya kuma fi shi araha.

6. Abin da za mu koya

Ƙarfin wannan kwamiti yana cikin abubuwa huɗu masu sauƙi: ya ƙidaya waɗanda aka bari a baya, ya yi tambaya a gaban jama'a, ya karɓi amsa a rubuce, ya kuma sa ranar komawa. Ba ko ɗaya da ke bukatar kuɗi mai yawa. A Nijeriya tsarin mulki na 1999 ya sa hannun ƙananan hukumomi cikin aikin lafiya, kowace mazaɓa kuma tana da kujerar kansila. Dokokin ba iri ɗaya ba ne da na Ingila, amma tambaya ba ta da shamaki, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Tambayoyi Domin Tattaunawa

1. Me ya sa tsarin maki na 2006 ya fi cutar wanda bakinsa ya fi lalacewa?
2. Cikin ikon kwamitin guda huɗu, wanne kuke gani ya fi amfani? Don me?
3. In haƙori ya kama mutum a ƙauyenku da dare, ina zai tafi? Kilomita nawa ne, nawa ne kuɗin mota da na aiki?
4. Wa ya taɓa kai wannan magana gaban kansila ko kwamitin lafiya na mazaɓarku? Wace amsa aka ba shi?

Aikin Yi

A zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su zaga gida 20. Su rubuta mutum nawa ciwon haƙori ya kama a bana, inda suka je, da abin da suka kashe. A kawo lissafin a taro mai zuwa, a rubuta tambayoyi uku daga cikinsa, a miƙa wa kansila, a kuma roƙe shi ya faɗi ranar da za a dawo a ji amsa.