Darasi A Bakin Maƙera

Edita ya matsa mini in rubuta wani abu game da fitar nan da mu kan yi da ɗaliban aji biyu zuwa cikin gari don ganin masu sana'ar hannu. Na yarda, domin na ji waɗansu a ɗakin malamai suna ce da ita yawon shan iska. To, ga yadda mu ke yinta, wanda ya karanta ya yi hukunci da kansa. Ku kuma ɗalibai da za ku fita koyarwa baɗi, sai ku kasa kunne, don wata rana ku ne za ku ja yara a baya.

Bari in fara da kuskurena. Ran da na soma wannan fita ban gaya wa kowa muna zuwa ba. Na kwashi samari wajen talatin, muka faɗa wata maƙera da hantsi, kowa da littafi da fensir, waɗansu har sun ɗaga waya suna ɗaukar hoto tun ba a amsa sallama ba. Dattijon da ke wurin ya ajiye masaba, ya dube ni, ya ce, "Malam, lafiya? Haraji ne, ko kallo?" Na rasa ta cewa. Muka yi tsaye cirko-cirko, ba wanda ya ce mu zauna, muka juya ba mu koyi kome ba. Laifina ne. Maƙera ba dandali ba ce, wurin neman abincin mutum ne, wanda ya tsai da shi awa guda kuwa ya rage masa cefanen ranar.

Saboda haka aikin farko na malami shi ne ya tafi shi kaɗai, kwana bakwai kafin ranar. Ya gai da mai unguwa, ya nemi a haɗa shi da babban masu sana'ar, ya kai goro, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ya roƙi a ba shi ja-gora daga cikinsu, domin ɗan gida ya san ƙofar da a ke shiga da wadda ba a shiga. Kada ƙungiya ta wuce mutum goma. Kuma a tafi da kuɗin sayen wani abu a kowane wuri, ko lauje ɗaya ne. Da na koma wurin dattijon nan ta wannan hanya, shi da kansa ya sa aka shimfiɗa mana tabarma.

Kafin a fita, a yi darasin tarihi a aji, in ba haka ba yara za su ga wuta da hayaƙi kawai. Garin Gombe da mu ke ciki ba tsoho ba ne kamar Kano ko Katsina. Modibbo Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya kafa masarautar a zamanin jihadin 1804, ya zauna a Gombe Abba. Turawa suka mai da hedkwata Nafaɗa a 1913, sa'an nan aka dawo nan Doma a 1919. Watau kusan duk mai sana'ar da za ku tarar a garin nan, kakansa daga wani wuri ya zo da ita. Don haka tambayar da na ke sa kowane ɗalibi ya fara da ita ita ce, "Baba, daga ina aka kawo sana'ar nan gidanku?" Wani ya ce Kano, wani Barno, wani ya ambaci wani ƙauye a bakin kogin Gongola. In an dawo sai mu shimfiɗa taswira mu ja layi daga kowane gari zuwa Gombe. Ban taɓa samun darasin labarin ƙasa da ya shiga kan yara kamar wannan ba.

A gaya musu kuma an kafa injin gurzar auduga a Gombe a 1956, jirgin ƙasa ya iso a 1963. Auduga ta riƙa fita, yadin kanti yana shigowa da araha. Wanda ya gane wannan ba zai yi mamaki ba in ya ga mun sha yawo kafin mu sami masaƙi guda yana jefa ƙoshiya, alhali teloli ga su nan kowace kwana.

Yanzu mu zo maƙera, inda na fi so a daɗe. Abin da na ke so ɗalibi ya fara yi shi ne ya rufe littafi ya zuba ido minti goma. Bayan haka ya tambayi sunan kowane abu: uwar maƙera da a ke dukan ƙarfe a kanta, masaba, awartaki na kama ƙarfe mai zafi, da zuga-zugi. Na dā na fatar akuya ne, yaro ya zauna yana danna wannan yana ɗaga wancan. Yanzu da yawa sun koma ga wata fanka da a ke juyawa da wilin keke. Ko wanne ne aikinsa ɗaya, watau tura iska cikin gawayi. A aji mun sha rubuta wa yara a allo cewa wuta ba ta ci sai da iska. A nan sai ka ce da mai zuga ya dakata, su ga jan garwashi ya dushe, ya ci gaba, su ga ya haskaka. An gama darasi ke nan, ba a taɓa alli ba.

Maƙeri ba ya da ma'aunin zafi, da launi ya ke aiki. Ƙarfe ya yi ja, ya san zai lanƙwasu. Ya doshi fari yana tartsatsi, ya san ya kusa ƙonewa, sai ya zare. In ya gama bakin gatari ya kan tsoma shi a ruwa yana da zafi don ya yi tauri, amma in taurin ya yi yawa bakin zai ɓalle ran da ya gamu da icce mai ƙarfi. Dattijon ya ce gawayin ƙirya ya fi so, don ya fi riƙe wuta. Kakanninsa tama su ke narkewa su fid da ƙarfe, shi kuwa tsohon sifirin na mota ya ke saya a wurin masu gwangwan. Da shi ya ke ƙera fartanya da garma da lauje da gatari, ciniki kuma ya fi kankama in damina ta ƙarato. Ga lissafi nan ma: a tambayi kuɗin ƙarfe, da na gawayi, da yawan fartanyar da ke fita a yini, yara su fid da riba da kansu. Sau da yawa abin da su ke samu ya kan sa su yi shiru.

A fita ta biyu wani abu ya faru wanda har yanzu ina tuna shi. Akwai wani ɗalibina mai ƙoƙari, wanda tun da muka doshi wurin ya koma baya yana sunkuyar da kai. Yaron da ke zuga ya gaji, sai dattijon ya ɗaga ido ya ce, "Kai, zo ka karɓe shi, ai hannunka bai manta ba." Ashe ɗan ƙanensa ne. Shekara biyu yana tare da mu, bai taɓa bari wani ya san shi ɗan maƙera ne ba. Ya tuɓe riga ya zauna, kunya kamar ƙasa ta tsage. Amma da tambayoyi suka yi yawa shi ya riƙa amsawa, ya bayyana abin da ni malaminsa ban sani ba. Na tambayi kaina, me mu ke yi a makarantunmu da har yaro zai ɓoye abin da aka biya masa kuɗin makaranta da shi? A ganina muna da hannu a ciki. Mu ne mu kan ce da malalacin yaro, "In ba ka yi karatu ba sai dai ka ƙare a ƙira."

Daga nan sai wurin dukawa. A nan hanci ya kan sha wuya in an bi ta majema, sai a gargaɗi yara kada wanda ya toshe hanci a gaban masu aiki. A kan jiƙa fata a ruwan toka gashi ya saki, a kankare, sa'an nan a jeme ta da 'ya'yan bagaruwa don kada ta ruɓe. Jan launi daga karan dafi a ke samunsa, ko da ya ke na kanti ya yi yawa yanzu. A gaya wa yara fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe tana ƙetare Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko don ta can ta ke isa gare su. Baduku ya nuna mana kube da gafaka da kayan doki, ya ce da ba don hawan Salla ba da ɗinkin kayan doki ya daɗe da mutuwa.

Masu gyaran ƙwarya ba mu daɗe wurinsu ba, ko da ya ke ƙasar Gongola ta yi suna da zanen ƙwarya, wanda a ke yi da wuƙa mai zafi. Roba ta cinye musu kasuwa. Wata ɗaliba ta ce aikin da ba ya kai mutum ko'ina ne. Na ce ta ciro takardar naira 20 ta duba bayanta. Hoton Ladi Kwali ne, maginiyar tukwane, wadda ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, har aka kai aikinta Ingila da Amurka.

In an dawo, kada a bar abin ya huce. Washegari kowa ya rubuta shafi biyu, ya zana kayan aiki uku da sunayensu, a kuma tsara darasi guda na firamare daga abin da aka gani. A rubuta wasiƙar godiya, ɗalibai biyu su kai da hannunsu, su karanta wa mai sana'ar. Laujen da muka saya yana rataye a ɗakin aikin hannu, mai son gani ya zo. Fita ta gaba wurin masassaƙa turmi da masu ɗinkin hula za mu. Wanda a gidansu a ke wata sana'a ya same ni bayan la'asar, don ina neman ja-gora.