DANDALIN KIMIYYA: Idan Murhun Lantarki Ya Nuna Harafin "E"

 Darasinmu na wannan fitowa a kan murhun lantarki ne mai fuskar gilashi, wanda ake kira indakshan. Tsadar gas da wahalar itace sun sa ya fara shiga gidaje a Birnin Kudu da Gwaram. Matsalar da aka fi kuka da ita ita ce, ana tsakiyar girki sai ya yi ƙara, ya nuna E0 ko E1 ko E3, ya tsaya. Wasu sai su ce ya ƙone, su jingine shi a lungu. Wasu kuma su ɗauko sukundireba su buɗe shi, wanda hakan ya fi haɗari. Mu fahimci abin da yake faɗa tukuna.

Yadda yake aiki

A ƙarƙashin gilashin akwai wayar tagulla da aka naɗe kamar faifai. Wutar da ke bin wayar tana juya alkibla fiye da sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya, sai ta haifar da ƙarfin maganaɗisu mai sauyawa. Wannan ƙarfi shi ke tayar da lantarki a gindin tukunya, tukunyar ta yi zafi da kanta. Ka'idar da muke karantawa ce a ajin fiziks, wadda Michael Faraday na Ingila ya gano a 1831.

Cikin murhun akwai fanka da ƙananan na'urori masu auna zafi da ƙarfin wuta. Idan suka ji abin da zai lalata shi, sai su tsayar da aiki su nuna lamba. Ke nan harafin E gargaɗi ne, sau da yawa kuma murhun lafiyarsa lau.

Kowane kamfani da tsarin lambobinsa. E1 a wani murhun na nufin raunin wuta, a wani kuma matsalar tukunya. Don haka ɗan littafin da ke zuwa cikin kwali shi ne alƙali, kada a bari yara su yage shi. Duk da haka, dalilan da aka fi gani guda huɗu ne.

1. Tukunya

Murhun ba ya gane tukunyar alminiyum irin wadda maƙera ke zubawa, balle tukunyar ƙasa. Yana son ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa, mai shimfiɗaɗɗen gindi. Gwajin mai sauƙi ne: a samu maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ne, a manna a gindin tukunyar. In ya kama, za ta yi. In ya faɗo, a canza. Wanda zai sayi tukunya a kasuwar Birnin Kudu ko ta Sara, ya tafi da maganaɗisunsa a aljihu. A kula kuma, tukunyar da ta yi ƙanƙanta ko aka ɗora ta a karkace, ita ma tana jawo lambar.

2. Raunin wuta ko yawanta

Ma'aunin wutar gida a Najeriya bolt 230 ne. Mu yi lissafi da ka'idar P = V × I. Murhu mai wat 2,000 a kan bolt 230 yana jan kusan amfiya 8.7. Idan wuta ta sauka zuwa bolt 170, zai buƙaci kusan amfiya 11.8 kafin ya ba da zafi iri ɗaya. Wannan ƙari na ɗumama wayoyi da kayan cikinsa, shi ya sa yake tsayawa ya kare kansa. Alamar raunin wuta ita ce ƙwai ya dushe, fanka ta riƙa juyawa da ƙyar. A kashe murhun a jira, ko a sa sitabilaiza mai ƙarfin ɗaukarsa. A guji jona shi da siririyar wayar ƙari, a sa shi kai tsaye a soket na bango. Ƙaramin janareto mai wat 900 ba zai iya da shi ba, haka ma ƙaramar inbata ta sola.

3. Zafi ya yi yawa

A watan Afrilu zafin yankinmu kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe ramukan iska. Idan fanka ba ta samun numfashi, murhun zai tsaya. Kada a ɗora shi a kan tabarma ko tsumma, kuma a bar tazara tsakaninsa da bango. A share ramukan da busasshen buroshi bayan an zare shi daga soket. Barin tukunya babu komai a kansa ma yana kawo wannan lamba.

4. Ruwa a kan maɓallai

Miya ko ruwan shinkafa in ya zubo a wurin dannawa, murhun kan ɗauka yatsa ne. A goge da busasshen ƙyalle.

Matakan da za a bi

Da farko a rubuta lambar a takarda. Sai a kashe, a zare filogi, a jira minti goma ya huce. A duba tukunya, a duba wuta, a duba ramukan iska, sannan a sake kunnawa. Idan lambar ta dawo bayan duk wannan, wataƙila na'urar auna zafi ko fankar ce ta mutu, aikin ya zama na mai gyara. A kai masa tare da lambar da aka rubuta, don mai ita ya san abin da zai biya kuɗi a kai.

Gargaɗi

Kada ɗalibi ya buɗe murhun. Akwai kafasito a ciki da kan riƙe wuta ko bayan an zare filogi. Idan gilashin ya tsage, ko aka ji ƙauri, ko filogi ya fara narkewa, a daina amfani da shi nan take. Rigakafi ya fi magani.

Tambayar wannan fitowa

Murhu mai wat 1,800 yana aiki a kan bolt 200. Amfiya nawa yake ja? A rubuta amsa da suna da aji, a jefa a akwatin kulob. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba, in sha Allahu.