Tambaya da Amsa: Ina Zan Samu Abokan Daina Shan Giya?

Tambaya: Ni magidanci ne, shekarata 41, kanikanci nake yi a Kaduna. Shekara tara ke nan ina shan giya a ɓoye. Na rantse na daina ya fi sau goma. Bara na riƙe tun Sha'aban har ƙaramar salla, sai na koma. Yanzu in ban kurɓa da safe ba, hannuna rawa yake har sifana ta suɓuce. Maiɗakina kaɗai ta sani. Na ji an ce akwai zaman da masu son dainawa ke yi. Ina zan same su, kuma asirina zai rufu?

Amsa: Allah ya yaye maka. Rawar hannun nan ta fi komai tayar min da hankali a wasiƙarka, don haka da ita zan fara. Alama ce cewa jikinka ya saba da giya har ba ya zama lafiya sai da ita. Mai irin wannan hali in ya yanke sha dare ɗaya, yana iya yin jijjiga irin ta farfaɗiya, ko kuma a kwana na biyu zuwa na uku ya shiga ruɗewa da gane-gane da zufa, abin da kan kai ga rasa rai. Don Allah kada ka kulle kanka a ɗaki ka ce za ka yi ta maza. Ka je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, ka faɗa wa likita gaskiyar yawan da kake sha. Akwai maganin da ke saukar da jiki a hankali, ana haɗawa da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa.

Zaman da ka ji labari kuwa, mafi shahara shi ne na Alcoholics Anonymous, wato AA. A 1935 aka fara shi a garin Akron na Amurka, kuma da mutum biyu: Bill Wilson, ɗan kasuwar hannun jari, da Dakta Bob Smith, likitan tiyata. Wilson ya je garin neman ciniki, cinikin ya rushe, ya ji ƙishin kwalba na taso masa, sai ya nemi wani mashayi da zai yi magana da shi don kada ya sha. Abin da ya gano ke nan: wanda ya taɓa ɓoye kwalba a bayan buhun masara, ya tauna goro don kashe wari, ba ka iya yi masa ƙarya, kuma ba zai yi maka kallon banza ba.

A zaman, ana zagaye ne a kan kujeru kamar awa ɗaya. Sunanka na farko kawai za ka faɗa, in ka ga dama ma ka yi shiru ka saurara. Ba kuɗin rajista, sai abin da mutum ya jefa a kwano don shayi da haya. Sharaɗin shiga ɗaya ne, son dainawa. Za ka samu wani da ya daɗe bai sha ba ya zama madogararka, wanda za ka buga wa waya da ƙarfe tara na dare sa'ad da ƙafarka ta nufi mashaya. Ba a sa ka rantsuwar har abada, irin wadda ta karye maka sau goma. Ta yau kawai ake nema. A 2020 masana sun tattara bincike 27 a kan mutum sama da 10,000, suka ga wannan hanya tana kamo sauran hanyoyin jinya, wani lokaci har ta fi su wajen riƙe mutum ga barin sha gaba ɗaya.

A Najeriya an fi samun zaman AA a Legas da Abuja, kuma galibi da Turanci. Ka tambayi likitan ko ma'aikacin walwala na asibitin ko suna haɗa waɗanda aka sallama su riƙa zama tare. Ofishin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi (NDLEA) na jiha ma yana da sashen ba da shawara. Ana kuma yin zama ta Zoom dare da rana, kana iya kashe kyamara. In zuciyarka ta fi natsuwa da tsarin Musulunci, akwai Millati Islami, wadda Musulmin Baltimore suka kafa a 1989. In duk ba su samu ba, ka roƙi likitan ya haɗa ka da mutum ɗaya mai irin ciwonka, ku tsayar da rana a mako.

Ka guji duk inda za a nemi kuɗi mai yawa da alkawarin warkewa cikin sati, ko inda ake mari da bulala. Ba mu manta gidan nan na Rigasa ba, inda a Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa.

Batun asiri, ƙa'idar zaman ita ce abin da aka ji a ɗakin a bar shi a ɗakin, kuma duk wanda ka gani a can nasa asirin yana hannunka. Maiɗakinka ta ɗauki wannan kaya ita kaɗai shekara tara; akwai Al-Anon, zaman iyalan mashaya tun 1951, ita ma tana iya shiga ta waya. Ka nemi ta raka ka Barnawa, kuma kada ka yanke sha kafin ka ga likitan.